Faranti Mai Bakin Zinariya

Lahadi, 2 ga Yuni

An karɓe mini ɗaki.

Bari in rubuta daga farko, don in na tsufa na karanta in tuna yadda aka yi. Cocinmu yana kusa da babban asibiti, tafiyar minti goma a ƙafa. Saboda haka akwai takarda a allon sanarwa mai ɗauke da gidajen da suka yarda su sauki 'yan'uwa masu bi da suka kawo majinyaci daga nesa. Gidanmu ne a layin farko. Mama takan ce ita ba ta iya wa'azi ba, muryarta kuma ba ta waƙa ba ce, abin da ta iya yi wa Ubangiji shi ne buɗe ƙofa. Yau bayan sujada Fasto ya ce an kwantar da wani dattijo, mai jinyarsa na neman masauki daga gobe. Bai rufe baki ba hannun Mama yana sama.

Da can ɗakin baya ne na baƙi, amma Baba ya cika shi da wayoyin lantarki da matattun fankoki da yake cewa zai gyara. Da can kuma Yaya ce mai kai wa baƙo abinci. Yaya ta yi aure. Ke nan ɗakina, kuma ni.

Ni da ko mai shago ba na iya kallo in ce ya ba ni sabulu sai na maimaita a zuci sau uku.

Na kwashe littattafaina daga ƙarƙashin katifa na zuba a jakar makaranta. Zan kwana da Auta, mai shuri cikin barci.

Fasto dai mai jinya ya ce, bai ce mace ko namiji ba. Ƙila ɗan dattijon ne. Dogo, mai yawan shiru, yana karatun likita, damuwa ta sa ya rame kaɗan. Zan miƙa masa ruwa, ya ɗago ido... Kai, ke dai. Je ki canja zanin gado.

Litinin, 3 ga Yuni

Mace ce. Ta kai shekara sittin, gajera, mai faɗi, muryarta tana cika falo. Bayan hannunta duk tabon ƙuna. Matar dattijon ce. Ta ce shekara ashirin da bakwai tana dafa abinci a makarantar kwana ta 'yan mata kafin ta ajiye aiki.

Na ce mata sannu da zuwa. Ta ce, "Me kika ce, 'yata?" Na sake faɗa. Ta kalli Mama ta ce, "Wannan sai an ƙara mata batir." Kowa ya yi dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mama ta tara mu a kicin ta karanto dokokin da na sani tun ina ƙarama: baƙo ba ya ɗaukar tsintsiya, ba ya shiga kicin, ba a barinsa ya wanke ko cokali, a kai masa abinci ɗaki a ja masa ƙofa ya huta, a rage rediyo, Auta ta daina gudu a tsakar gida. Sannan ta buɗe kabad mai gilashi ta fito da faranti mai bakin zinariya da kofinsa. Guda shida ne, Kaka ce ta ba ta lokacin aurenta. Tun da aka haife ni ban taɓa cin abinci a ciki ba. Sosonsu ma daban ne, wai kada maiƙon tukunya ya dusashe zinariyar.

Na kai tiren ban zubar da komai ba. Na ja ƙofa a hankali.

Talata, 4 ga Yuni

Tiren safe ya dawo kusan yadda ya tafi. Na yamma ma haka, cokali biyu ko uku ta taɓa. Mama ta tsaya awa biyu a kan miyar nan, har ta aiki Baba ya sake sayo kifi don na farko bai yi mata ba.

Na juye sauran a roba, ni da Auta muka cinye a bayan ɗaki. Mama ta tambaya, "Ta ci?" Na ce ta ci. Fuskarta ta washe.

Ubangiji ka gafarta mini, ƙaramar ƙarya ce.

Laraba, 5 ga Yuni

Haka dai. Auta ta ce Allah ya sa Baƙuwa ta daɗe.

Alhamis, 6 ga Yuni

Da safe ƙarar shara ta tashe ni. Na leƙa ta taga, sai ga Baƙuwa ta sunkuya tana share tsakar gida, tana 'yar waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ta iya shara, layi-layi kamar an ja da rula. Ba ta kai rabi ba Mama ta fito da gudu, ɗankwali a hannu.

"Haba, Allah ya sawwaƙe. Baƙuwa da tsintsiya a gidana? Kawo, kawo. Je ki huta."

"Na huta har na gaji, 'yar'uwa."

"A'a, jinya ma aiki ce."

Mama ta zare tsintsiyar daga hannunta. Baƙuwa ta tsaya tana kallon tafin hannunta, ta goge su a zani ko da yake babu abin gogewa, ta koma ɗaki. Ita da kanta ta ja ƙofar wannan karon.

Ban san me ya sa abin ya tsaya mini a rai ba har a aji.

Juma'a, 7 ga Yuni

Na mutu. Na mutu an binne ni.

Na kai tire, sai ta ɗago wani abu daga kan matashi. Littafina. Wanda bangonsa ya yage, mai labarin yarinyar da ke sayar da furanni da saurayin da ke kallonta ta tagar ofis. Ashe ya maƙale tsakanin katifa da bango.

"Naki ne?"

Na gyaɗa kai.

"Mamanki ta sani?"

Na girgiza kai.

"To ni ma ban sani ba. Ki ara mini in kai wa Tsoho, zaman gado ya ishe shi, ya fara ƙirga ƙusoshin silin."

Tsoho take ce wa mijinta. Dattijon coci, da littafina, har da wurin da na ja layi da jan biro.

Asabar, 8 ga Yuni

Mama ta ce in raka Baƙuwa asibiti in riƙe mata kular abinci. Duk hanya ina bayanta da taku biyu.

Ɗakin maza ne mai gado goma sha biyu, warin magani, fanka ɗaya ce ke juyawa. Na ga likitan da ke duba su. Gajere ne mai sanƙo, biro ya zubar masa da tawada a aljihu. Shi ke nan maganar dogon likita.

Tsoho siriri ne kamar sanda, an jingina shi da matasai uku don in ya kwanta sosai numfashi yana ƙi. Mai gyaran agogo ne. Ina zama ya kama hannuna ya duba agogona ya ce yana baya da minti huɗu, in cire in ba shi. Shugaba yake kiran matarsa, wai haka 'yan kicin ɗin makaranta ke kiranta, shi ma ya bi sahu don a zauna lafiya.

"Ke ce mai littafin?" ya ce, yana tari tsakanin kalmomi. "Yaron nan babi takwas yana leƙen taga. Ba shi da aikin yi ne a ofis ɗin?"

"Kai da ka yi wata biyar kana kawo mini agogon da ban ba ka gyara ba?" in ji ta.

"Ai aiki ne wannan."

Ta buɗe kula ta juye a kwano ɗaya, ta sa cokali biyu. Suka yi addu'a suka ci tare. Ta ci. Da idona na gani, ta ci sosai, tana tura masa kifi gefensa yana turo mata.

A hanyar dawowa ne. Mun zo daidai wurin masu gyaran babur ta rage tafiya har na iso ta. Zan rubuta yadda ta faɗa don kada in canja komai.

"'Yata, ki gaya wa Mamanki ta kwantar da hankalinta. Ciwon Tsoho ba ya kama wani. Zuciya ce, ruwa ke taruwa masa a ƙirji. Likita ya rubuta, takardar tana jakata."

Ban gane ba. Na ce to.

"Na ga an ware mini kwano da kofi, har soso daban. Ban ga laifinku ba, kuna da ƙaramar yarinya. Can gida ma da ya fara tarin nan haka aka yi mana. A coci benci guda aka bar mana mu biyu, wata uku." Ta gyara mayafi. "Kun yi mini ƙoƙari. Na ga wuri a barandar asibiti inda masu jinya ke shimfiɗa tabarma. Ranar Laraba zan koma can, tunda Alhamis za a yi masa aiki. Ku ma ku sake a gidanku, yarinya ta yi gudunta."

Maganar tana bakina. Ba haka ba ne, farantin Kaka ne, girmamawa ce. Tana nan a kan harshena kamar ƙwayar magani da ta ƙi haɗiyuwa. Na buɗe baki, wani babur ya wuce, na rufe.

Barandar nan na gan ta. Siminti ne, ruwan sama yana feso ta, mata a jere kamar kayan wanki.

Lahadi, 9 ga Yuni

A coci matan zumunta sun kewaye Mama suna yaba mata, wai kowa ya koyi karɓar baƙi a wurinta. Mama tana cewa ba ita ba ce, alherin Ubangiji ne, amma na san ta ji daɗi. Baƙuwa tana bencin ƙarshe, can bakin bango, ta bar wurin mutum biyu tsakaninta da na kusa da ita. Ba wanda ya sa ta. Ta saba ne.

Wa'azin bai shiga kunnena ba. Addu'a ɗaya na yi ta yi: ka buɗe mini baki.

Sau uku na je wurin Mama yau. Na farko tana waya da Yaya. Na biyu ta ce, "Me ne ne, 'Yar Shiru?" na ce ina ashana. Na uku na tsaya a ƙofar kicin na juya.

In na faɗa, dole in faɗi maganar abincin da muke cinyewa. Kuma yaya zan dubi Mama in ce mata abin da ta fi alfahari da shi a duniya shi ne ya sa baiwar Allah ta ji kamar ana ƙyamarta?

Amma ba za ta kwana a simintin nan ba. Na rubuta a nan, kuma abin da na rubuta a nan ba na gogewa. Kafin Laraba.

Litinin, 10 ga Yuni

Na rubuta wa Mama wasiƙa a lokacin darasin lissafi. Da na sake karantawa sai na ga irin maganar littattafaina ce, har da "zuciyata tana zubar da hawaye". Mama za ta ɗauka aljanu ne suka taɓa ni. Na yaga.

Na gwada Baba. Yana zaune ya baje cikin wata fanka a kan jarida. Na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am, Mamana." Ya ajiye sukundireba yana jirana. Na ce shayinsa zai huce.

Ba shi da shayi ma a gabansa.

Saura gobe kaɗai. A littattafaina kullum wani ne ke shigowa a shafin ƙarshe ya gyara komai. Na duba gidan nan kaf, ba mai shigowa.

Talata, 11 ga Yuni



Tunda baki ya ƙi, na ce bari ƙafa ta yi. Da yamma na kai tire kamar kullum, na ajiye, na fito. Na koma kicin na ɗauki nawa abincin a koren farantina na roba, wanda gefensa ya narke tun ranar da na ajiye shi kusa da murhu. Na wuce Mama tana juya baya. Na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina, abin dariya, na shiga na zauna a ƙasa kusa da gado.

Na shirya magana mai kyau tun safe. Abin da ya fito shi ne, "Auta tana damuna a can."

Baƙuwa ta dube ni ta dubi farantin. Jakarta a buɗe take a kan gado, ta riga ta ninke kayanta.

Na sa cokalina a cikin faranti mai bakin zinariya na ɗebi shinkafarta na ci. Na ɗauki kofinta, wanda ta riga ta sha da shi, na kurɓa.

"Ke, 'yata..."

Sai maganar ta ɓalle. Ban san daga ina ba. Na ce mata farantin Kaka ne, shida ne, shekarata goma sha shida ban taɓa ci a ciki ba sai yau. Na ce Auta ta taɓa shan duka don ta buɗe kabad ɗin kawai. Na ce ko Baba da ya yi zazzaɓi ba a ba shi kofin nan ba. Na ce soson don zinariyar ne, ba don ita ba. Na ce Mama ba ta ma san Tsoho yana tari ba. Duk ina kallon tabarma.

Na zata ta yi fushi. Sai na ji gadon yana girgiza. Dariya take yi, ta toshe baki da mayafi, hawaye yana bin kumatunta, daga baya ban san ko dariyar ce har yanzu ba.

"Kwana tara," ta ce. "Ina zaune ana yi mini sarauta, ni ina zaton kurkuku ne." Ta share ido. "Ni ban iya ci ni kaɗai ba, 'yata. Shekara arba'in ban taɓa ba. Abincin ba ya wucewa."

Muka ci. Ta cinye nata ta ɗebi nawa.

A nan Mama ta turo ƙofa tana nemana, ta gan ni zaune da kofin zinariya a hannu. Ba ta ce komai ba a gaban Baƙuwa sai, "Zo."

A kicin na faɗa mata duka. Muryata tana ta yankewa amma ban tsaya ba. Benci guda, wata uku, baranda, Laraba. Da abincin.

"Tun ranar Talata kina cinye abincin baƙuwa kina ce mini ta ci?"

"Ni da Auta."

"Da kin faɗa mini tun ranar farko, da an kai haka?"

Gaskiyarta. Ban taɓa tunanin ta wannan gefen ba. Ni ma da hannuna a ciki.

Ta zauna a kan kujerar tsuguno ta riƙe ludayi a cinya. "Ni," ta ce, ba da ni take ba, "ni za a ce na ƙyamaci 'yar'uwa a gidana." Sannan ta ce in je in wanke kwanuka. Ba ta sake yi mini magana ba.

Ban sani ba ko gyara na yi ko ɓatawa.

Laraba, 12 ga Yuni

Da na tashi, jakar tana bakin ƙofar falo a zuge. Baƙuwa ta yi shirin fita. Ta ce mini a hankali gara dai ta tafi, ta haɗa uwa da 'ya faɗa, kunya ba za ta bar ta ta zauna ba. Na tsaya tsakaninta da jakar, da kayan makaranta a jikina, ban san abin da zan yi in ta miƙo hannu ba.

Sai Mama ta fito daga kicin. Idonta ya kumbura. A hannunta tire ne, amma ba na baƙi ba, tsohon nan mai lotsawa, cike da albasa da wuƙa a kai. Ta tsaya gaban Baƙuwa.

"Yaya," ta ce. Ba ta taɓa kiranta haka ba, kullum Baƙuwarmu. "An ce kin ciyar da yara ɗari uku. Ni mutum biyar sun gagare ni, ga abincin asibiti ban ɗora ba. Zo ki taimake ni."

Ba wanda ya motsa. Baba ya leƙo daga ɗaki da buroshi a baki ya koma.

Baƙuwa ta ɗauki wuƙar ta gwada bakinta da babban yatsa.

"Wannan ce wuƙarki? Da ita kike yanka ko da ita kike lallashi?"

"Ita ce mai kaifin ma."

"Allah ya jiƙan albasar gidan nan. Ina dutsen wasawa?"

Ta cire mayafi ta rataye a ƙofa ta shige kicin, Mama tana bayanta. Ni kuma na ɗauki jakar, nauyi kamar da duwatsu a ciki, na mayar ɗaki na tura ta can ƙarƙashin gado inda sai an durƙusa za a jawo ta.

Na makara, an sa ni tsintar takardu a filin makaranta. Ko a jikina.

Alhamis, 13 ga Yuni

An shiga da Tsoho ƙarfe tara. Mama ta tafi da Gwaggo, ta ce ba za ta bar ta ta zauna ita kaɗai ba. Da na taso na same su a benci a ƙofar ɗakin tiyata, suna shan shayi a murfin filas ɗaya, wannan ta kurɓa ta miƙa wa wannan.

Ƙarfe uku da rabi gajeren likita ya fito ya ce an gama lafiya. Ban taɓa ganin mutum mai kyau kamarsa ba.

Na ga na rubuta Gwaggo. To, haka Auta ta fara kiranta.

Asabar, 15 ga Yuni

Kicin ya zama filin daga. Gwaggo ta ce Mama tana zuba gishiri kamar mai jin tsoronsa. Mama ta ce ai ba 'yan makaranta take ciyarwa ba da za su ci ko me aka ba su. Baba ya ce shi duk wadda ta yi nasara yana bayanta. Yanzu a tebur ɗaya muke ci, Gwaggo a kujerar Yaya, kuma ta ƙwace addu'ar abinci, doguwa har miya ta huce.

Ta ce ina yanka tumatir kamar mai neman gafararsa.

Mama ta fara yi mini magana. Ta ce, "Gobe in kin ga abu, ki faɗa. Allah bai ba ki ido don ki ajiye a aljihu ba."

Talata, 18 ga Yuni

Tsoho ya farfaɗo sosai har ya dawo mini da agogona yana tafiya daidai. Ya ce idon Shugaba ya gaji, ni zan ƙarasa masa littafin. Da ƙarfi. A ɗaki mai gado goma sha biyu.

Na fara kamar sauro. Wani mai karyayyar ƙafa a gado na uku ya ce, "'Yan mata, a ɗaga murya, mu ma muna ciki." Na ɗaga. Da saurayin ya sauko daga ofis a ƙarshe ya sayi fure, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki sowa, har nas ta leƙo ta ce a rage.

Tsoho ya ce, "Babi goma sha tara kafin ya sauko bene. Da ni ne da furannin sun bushe?"

"Da kai ne da ka kawo mata agogo," in ji Gwaggo, tana goge masa baki da gefen tawul.

Na tsaya ina kallonsu na manta inda nake a shafin.

Laraba, 19 ga Yuni

Ashe Mama ta san da littattafan tun bara. "Wa kike zaton yake juya katifar?"

Juma'a, 28 ga Yuni

An sallame su. Ɗansu ya zo da mota ya ɗauke su. Dogo ne kuwa, amma yana da mata da 'ya'ya huɗu da tumbi.

Mama ta naɗe faranti mai bakin zinariya ɗaya a jarida za ta ba Gwaggo. Gwaggo ta ce a'a, na gode, na ci rabona a wannan. Koren farantina ta ce tana so, mai narkakken gefe. Ta sa shi a jaka tsakanin zannuwanta. Ta kama kumatuna da hannayen nan masu tabo ta yi mini addu'a, ta ce batir ɗin ya kama.

Na dawo ɗakina. Ba shurin Auta, ba kowa. Na jawo littafi na karanta shafi biyu na ajiye. Gidan ya yi shiru da yawa.

Lahadi, 30 ga Yuni

Ba wani abu ba ne, amma bari in rubuta.

Mama tana ajin yara yau, ba ta cikin sujada lokacin sanarwa. Fasto ya ce akwai wata 'yar'uwa da ta kawo ɗanta asibiti, tana nan tare da mu, tana neman masauki. Na waiga. Tana bencin ƙarshe, bakin bango, da leda a cinya, ta bar wurin mutum biyu.

Kowa yana jiran hannun Mama.

Ni dai ban ɗaga ba. Hannun ne ya tashi. Fasto ya gyara tabarau ya ce, "Wa nake gani, 'Yar Shiru?" aka yi dariya, kunnuwana suka yi zafi, amma ban sauke ba. Da aka tashi na je na zauna a wurin mutum biyun nan na ce mata sannu da zuwa. Sau ɗaya na faɗa, ta ji.

Da na gaya wa Mama, ta dube ni ta dube ni, sannan ta ce in sayo albasa a hanya.

Na canja zanin gado, na kwashe littattafai, na duba tsakanin katifa da bango. Mama ta ce a fito da farantai masu bakin zinariya a jera wa kowa a tebur, har Auta, in ta fasa ta fasa. Soso ɗaya.

Na jingina tsintsiya a bayan ƙofar ɗakin, inda za ta gani in ta tashi da safe.